Kwana Goma Sha Biyar

Takardar ta fi shi shan hanya.
Daga Damagaram ta taso cikin jakar fata,
ta kwana Ikko, ta sha hatimi uku,
ta biyo jirgin ƙasa ta Kafanchan,
ta sauka Jos ran Talata, ana yayyafi.
Shi da ƙafa ya zo, bana shekara bakwai.

Ni ne tafinta. Bakina na aro ne.
Joji ya tauna, ni in haɗiye, in amayar da Hausa.

A ramin kuza Mantau suke ce masa,
helma ma da haka ya rubuta shi.
Takarda ta ce a'a: Isufu ɗan Barmo,
dogo, tabo a girar hagu,
wanda ya fasa kan gardi da bakin galma
ranar da aka zo ɗibar mutanen aikin tilas.

Aka ce ya ɗaga hula. Tabon na nan,
bai san an ketare iyaka ba.

Joji ya ce in gaya masa
ba a nan za a auna laifinsa ba,
mu dai duba muke ko hatimi na gaske ne,
ko shi ne shi.
Na faɗa.
Ya ce, “Malam, tambaye shi,
turken da suka kafa tsakiyar gonar ubana,
gero ya san na wane ne?”
Na juya na ce wa joji: ba shi da ja.

Doka ta ba shi kwana goma sha biyar
ko zai ɗaukaka ƙara.
Da me? Sule shida yake ci a mako.
Kaneng ta riƙa kawo gwate bakin gidan yari,
kullum a kwano ɗaya, da goyo a baya.
Ran na sha shida gwamna ya sa hannu.

A tasha akawu ya ba ɗan sanda rasit
kamar na buhun gyaɗa:
mutum ɗaya, ankwa ɗaya, a dawo da ankwar.

An dawo da ita kuwa. Tana rataye a ofis.
Ni kuma tun daga ranar,
in na zo alwala, sai in daɗe wajen kurkurar baki.