Gwangwanin Gyara

Ni ne magatakardan manoman riɗi
a wani ƙauye gabas da Gagarawa.
Shekara goma sha ɗaya biro na hannuna,
abin da na gani zan faɗa, ba na ƙarawa.

Gwaggo Tabawa mai injin niƙa
ko baƙi ɗaya ba ta iya rubutawa,
amma ƙarƙashin gadonta gwangwani uku ne.
Na fari uwar kuɗi, wannan ba a taɓawa.
Na biyu riba, a ci, a yi zumunci.
Na ukun nake so ku ji da kyau:
na gyara ne,
tun injin bai yi tari ba take zubawa.

Ran da bel ya tsinke da hantsi,
kafin azahar Mati ya dawo daga Gumel,
kafin la'asar unguwa ta ji ruri,
mata na jere da ƙore, gari na zubowa.

To, ku zo mu je bakin famfo.
Da kalangu aka buɗe shi, da jawabi,
aka ɗau hoto, kowa na tafawa.
Wata bakwai sai roba guda ta cinye,
robar da ba ta kai kuɗin zakara ba.
Na rubuta wa kansila, ya ce sakatariya.
Sakatariya ta ce fayil na kan tebur.
Mai tebur ya tafi taro Dutse,
taron kuwa, in ji masinja,
kan yadda za a wadata karkara da ruwa.

Bana sai ga su da motar haƙa,
sabon famfo taku ashirin daga gawar tsoho.
Na ce, ranku ya daɗe, robar fa?
Suka ce gyara ba ya cikin kasafi,
sabo kaɗai ake iya ƙaddamarwa.

Takin da muka nema tun ruwan fari
ya iso muna karkaɗe riɗi a tabarma.
A jerin sunaye na ga Malam Jatau,
wanda da hannuna na taya binnewa.

Kada a ce gwamnati kaɗai nake sara.
Mu ma mun ba Barau mabuɗin sito
don yana auren 'yar shugaba,
shi ke aunawa, shi ke ƙirgawa,
shi ke zuwa Maigatari ran Alhamis.
Buhu goma sha ɗaya ɓera ya ci, in ji shi,
ɓeran da ko igiyar buhu ba ya ragewa.
Na ga giɓin tun kaka, na yi shiru
don kunyar surukuta.
Rabin laifin nawa ne, ba na musawa.

Tsalha mai shago ma ya ci uwa ya ci riba,
da kanta ta bushe ya ce sammu ne,
ya kai ragowar jarin gidan mai duba.

Ba na neman wata dabara daga nesa.
Mai riƙe mabuɗi kada ya riƙe littafi.
A yi ƙirge a gindin kuka, da rana,
a gaban wanda guminsa ke cikin buhun.
Kuma kafin a kafa famfo
a tambayi yarinyar da ke ɗaukar tulu,
ta fi darakta sanin inda ƙaya take.

Ƙarshe dai kowane gida ya kawo abin da ya samu,
Mati ya sayo roba, ya ɗaura kafin magariba.
Muka sami gwangwanin madara,
muka huda masa baki,
muka kai wa Tabawa ajiya.
Ta girgiza shi, ta ce, "Duk Juma'a fa."

Tsohon famfo na ba da ruwa yanzu.
Sabon kuwa, jiya da na wuce,
na ji hannunsa ya fara kukan ƙarfe.
Na tsaya, na saurara,
na taɓa aljihu, na ji biro na nan.