Almakashin Usta Nusret

A bayan kasuwar Kemeralti, can Izmir,
inda ƙarnin kifi ke kokawa da ƙamshin gahawa,
na shiga koyon aski ina ɗan sha bakwai,
bakina kamar famfon da kansa ya lalace.

Duk wanda na ɗaura wa ƙyalle a wuya ya zama nawa.
Sai in zuba: ƙwallo, tsadar man zaitun,
kawuna da ya je Jamus har sau biyu.
Su ce "haka ne", su biya, su kama gabansu.
Washegari in gaishe su a tashar jirgin ruwa,
su dube ni kamar mai neman bashi.

Usta Nusret bai taɓa tsawata mini ba.
Sai wata Talata da ruwa ya kashe kasuwa
ya ɗaga almakashi, ya buɗe, ya rufe.
"Tayfun, wannan ma baki gare shi,
amma ba ya cin komai sai ya buɗe ya jira.
Kai tun safe ƙyas-ƙyas kake a iska,
gashin kowa bai shiga ba."

Na ji haushi. Na share ƙasa har sau uku.

Ƙarshen wata sai ga Hulusi, tsohon masunci.
Shekara goma sha ɗaya yana zuwa,
kalmarsa ɗaya ce: "Gajere."
Na cije harshe har ya yi zafi.
Da bakin ya mutu, ashe sai ido ya farka:
ga shuɗin zare a wuyan hannunsa,
da wani ƙulli mai kama da kunnen ɓera.

Na ce, "Wannan ƙullin, wa ya koya maka?"

Shiru.
Agogon bango ya yi ta tauna daƙiƙu.
Labarin ƙwallo ya taso mini har maƙogwaro,
Usta ya taka mini ƙafa, bai ko dube ni ba.

"Ƙanena," in ji Hulusi.

Na ce, "Sai me ya faru?"

Sai ga kwalekwale mai suna Gulizar,
ga daren da iska ta juya musu baya,
mutum biyu suka fita, ɗaya ya dawo.
Kwalekwalen na nan a kife bayan gida,
yana son ya yi masa fenti, hannu ya ƙi.
Shayinsa ya huce.
Kumfa ta bushe a gemunsa, na sake shafawa.

Da wata ya zagayo, kafin ya zauna,
na ce, "Gulizar fa, ta sha fenti?"
Ya tsaya da hula a hannu.
"Kore," ya ce. Ya yi dariya, haƙori biyu babu.

Daga baya na ji yana faɗa a bakin ruwa,
"Yaron Nusret ɗin nan ya iya hira."
Na ƙirga abin da na furta ranar farko:
kalma goma,
sauran duk nasa ne.

Yau shagon nawa ne, almakashin ma.
Ina da yaro, Ilkay,
bakinsa ya fi nawa gudu.
Jiya ya ba wani kurma labarin siyasa, awa guda.
Ban ce masa komai ba.
Ina dai leƙen sama,
ko hadari zai haɗu ranar Talata.