Direba a Waje

Shekara talatin da ɗaya na yi a kan sitiyari,
Jos zuwa Fatakwal, dankali a baya, goro a kumatu.
Hawan Kibo ya san kukan birkina.
Sai likita ya ɗaga hoton ƙashin bayana a fitila,
ya ce, Sallau, a nan za ka sauke.

Na sauke. Ashe zama ya fi lodi nauyi.

Wata Asabar na shiga Taminus neman ƙwan fitila,
sai ga ta a teburin Davou mai gyaran waya:
'yar tifa ja, ba ta fi takalmina tsawo ba,
gwanjo ce, gilashi a tsage, tayoyi masu haƙora.
Na ce jikana zan saya wa.
Davou ya dubi yatsana yana danna shokazoba,
bai ce uffan ba, ya rage mini dubu biyu.

Ya ce, Baba, kar ka sa batir a caji ka yi barci,
in ya kumbura kamar ƙosai, fitar da shi waje.
Ya ce, fara a fili, ban da tsakar gida.
Na ce, yaro, ina ribas da tirela
tun uwarka na goyon kara.

A tsakar gida na fara.
Tukunyar miyar Uwani ce shaida,
da agwagwar maƙwabta da har yau ba ta gaishe ni.

Lahadi da la'asar na bi kwatance zuwa Bukuru,
inda masu haƙar kuza suka bar jan tudu
da ruwa kore mai kwanciya kamar bai taɓa cin kowa ba.
Mutum bakwai na tarar: wani ma'aikacin banki,
ɗalibai, wani tela da ya zo da kujerarsa,
kowa da rimot a ƙirji, wuya a miƙe,
motoci na zuƙi kamar zanzaro.

In ta ba ni baya, tawa ce.
Dama dama, hagu hagu, totur kaɗan-kaɗan.
Amma da ta juyo ta fuskance ni
sai hannuna ya zama baƙo:
na karya dama, ta yi hagu,
na gyara, ta ƙara ɓata,
ta hau dutse, ta kwanta rigingine,
tayoyi huɗu na harbin iska.
Sau tara. Na ƙirga. Su ma sun ƙirga.

Kachollom, 'yar shekara goma sha ɗaya,
ta tsugunna ta kife mini ita daidai,
ta hure yashin da ya shiga giya.
Ta ce, Baba, kai kana tsaye a nan ne.
Ka bar ƙafafunka a nan, ka shiga cikinta.

Ni da na tsufa a cikin mota
yau yarinya ke ce mini in shiga.

Na shiga. Na ƙanƙance har na dace da kujerar roba,
tsakuwa ta koma dutse, ciyawa ta koma daji,
can gaba wani tsoho dogo da hula a karkace
ya tare hanya, baki buɗe.
Ashe haka ake ganina. Ashe haka suke ganin tawa,
masu tallan gwaza a bakin titi, da awakinsu,
duk shekarun nan.
Na kauce masa a hankali.

Minti goma sha huɗu batirin ke yi.
Sauran yinin na sukundireba ne da hira.
Motar ma'aikacin banki na wani gurnani,
na kara kunne, na ce haƙorin giya ne ya ci.
Ya buɗe. Shi ne.

Na dawo gida da jan ƙasa har gwiwa.
Uwani ta ce, ina jikan da aka saya wa?
Na ce, bai iya ba tukuna.
Na jona caji, na jawo kujera kusa,
na zauna gadi, kamar yadda Davou ya ce.