Taragu Biyu, Igiya Ɗaya

Aikina a Valparaíso riƙon birki ne.
Taragu biyu na katako, igiyar ƙarfe ɗaya:
in wannan ya hau tudu, wancan ya gangara bakin teku.
Shekara tara hannuna na kan ƙarfen nan,
ban taɓa ganin sun isa sama tare ba.

Ran Talata na yi kuka saboda lemo.
Ledar wata tsohuwa ce ta fashe a bakin ƙofa,
lemo uku suka bi matakala suna tsalle,
ta tsaya tana kallonsu kamar 'ya'yan da suka yi ƙaura.
Na juya wa fasinjoji baya,
na ce gishirin iska ne ya shiga idona.

Laraba kuwa wuta.
Don Evaristo mai karɓar kuɗi ya ce, “Rayen, kin karya kuwa?”
Na ce masa cikina ba nasa ba ne.
Mutumin da ya riƙe mini aiki ranar da aka binne uwata!
Ya sunkuya yana jera canjin da ya riga ya jera,
maganar ta tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi.

Da dare na duba kalandar bayan ƙofa.
Kwana ashirin da huɗu.
Ashe ke ce.
Ba kya zuwa sai kin turo 'yan aike:
rigar da ta matse ƙirji,
kwaɗayin cakulan ƙarfe biyun dare,
da wata murya mai kama da tawa
tana cewa ko na ɓace ba mai cigiya.

Na daina musu da muryar nan.
Kujera nake ba ta, in ce zauna,
faɗi abin da ke bakinki,
amma ba ki taɓa mini birki.

Duk wasiƙar da ta sa na rubuta,
ta barin aiki, ta rabuwa da Anselmo,
sai ta kwana biyar a gwangwanin shayi.
In jini ya zo in buɗe, in karanta,
yawanci in yi dariya in hura murhu da su.
Sau ɗaya dai, bara,
jini ya zo ya ɗauke, wasiƙar tana nan da gaskiyarta.
Ita na aika.
Ba duk abin da aka faɗa cikin zafi ne ƙarya ba.

Likita ta ce in riƙa rubuta ranakun, in rage kofi.
Ranakun ina rubutawa.
Kofin kuwa muna kan ciniki.

In na tashi aiki ba na shiga tarago,
da ƙafa nake hawa, matakala ɗari da sittin,
har numfashi ya fi tunani ƙara.
Ƙanwata Maite ta san alamar:
in na aika mata hoton kwalbar ruwan zafi
ba ta tambaya, miya take kawowa.

Yau Alhamis. Marata ta fara murɗawa.
Na ajiye burodi mai zafi gaban Don Evaristo,
ban ce komai ba.
Ya gutsura, ya miƙo mini rabi.

Na saki birki.
A tsakiyar tudu taragun suka gifta juna,
wani yaro a mai sauka ya ɗaga wa mai hawa hannu.
Idona ya sake cikowa.
Na bar shi ya cika, hannuna na kan ƙarfe.