Lissafin Tanki

Mai sayarwa ya daki murfin injin, ya ce:
kilomita ashirin a lita guda,
ga takarda, ga hatimin masu ƙira.
Na leƙa ciki. Silinda uku, kamar duwatsun murhu,
da wata katantanwar ƙarfe a gefe,
wai ita ce turbo.

Ni 'yar mai goro ce.
Babana bai taɓa biyan kuɗin huhu ba
sai ya kwance igiya, ya ɗaga ganye,
ya zura hannu har ƙasa, inda mai tsutsa ke ɓuya.
Don haka na sayi ɗan littafi na sidi biyar,
na ɗaure masa biro da zare.
In na sha mai sai tanki ya yi gyatsa,
in rubuta lamba, in jira ya sake jin yunwa,
in raba tafiya da lita.

Makon farko: sha ɗaya da rabi.
Allon gabana yana rantsuwa sha huɗu ne.
Ƙarfe ma ya iya faranta wa mai gida rai.

Daga Aboabo zuwa Adum ba nisa,
amma a mahaɗar Anloga rana kan tsufa a kaina.
Trotro ya sa hanci, mai baro ya gitta,
yarinya mai ruwan leda ta zaga ni sau uku,
na'urar sanyi tana tsotsa, injin yana tsotsa,
taya kuwa ba ta juya ba.
Ina masu takarda suka yi awonsu?
A wani titi da ba a kai gawa ranar Asabar,
ba rami, ba tudu, ba mai tsallakawa da akuya.

Na kai ƙara Magazin, wajen Mukaila.
Ya goge hannu da tsumma, ya saurari injin
kamar mai sauraron ƙirjin jariri.
Ya ce, Anti Barira, lafiyarta lau.
Ɗan yaro ne aka ba shi huhun ƙato.
Ki lallaɓa shi, ya ci cin yaro.
Ki taka totur, katantanwa ta yi fito,
ya tuna shi ƙato ne, ya nemi akushin ƙato.
Ya ƙara wa tayoyi iska, bai karɓi ko pesuwa ba.

Ranar da na tafi Techiman suna,
na fita bayan asuba, gilashi a sauke,
ƙafata a kan totur kamar mai taka ƙwai.
Sha takwas da ɗigo biyu.
Na zagaye lambar da biro har takarda ta huje.
Ashe ba ƙarya tsagwaronta suka yi ba,
gaskiya ce mai zaɓen rana.

Shekara guda ke nan. Jiya na buɗe littafin
ina jiran layi a gidan mai,
sai na ga ba motar nake aunawa ba.
Ga tara da rabi: makon da muka yi cacar baki da Sahura kan gadon shago.
Ga goma: watan da nake makara kullum.
Ga sha uku a azumi,
lokacin da ba ni da ƙarfin yin fushi da kowa.

Akwai layi ɗaya da babu lamba.
Daren da numfashin Inna ya sarƙe,
daga Aboabo zuwa babban asibiti a Bantama,
na taka har ƙasa,
katantanwa ta yi kuka, ɗan yaron ya zama ƙato,
ya haye tudu bai waiwaya ba.
Ban san abin da ya sha ba a daren.
Da safe na cika masa tanki,
yaron gidan mai ya miƙo rasit,
na ce ya bar shi.

Inna tana baya yanzu, tana ɓare gyaɗa a kan kujera,
tana cewa in kashe sanyin nan, yana cin mai.