Harshen Takarda

Shekara arba'in da ɗaya muna hawa na uku,
a layin da ke gangarawa kogin Douro,
ni da Graciete,
kuma har yau ba mu shirya a kan takardar banɗaki ba.

Ni nakan rataye ta harshenta a waje,
ya leƙo ta gaba kamar mai miƙo hannun gaisuwa.
Ita sai ta juya shi ya fuskanci bango,
wai abin banɗaki ya kamata ya san kunya.

Na ce, "Da tsakar dare, ido rabi a rufe,
wa zai tsaya laluben bango kamar ɓarawo?"
Ta ce, "Sardinha fa?"
Sardinha kyanwarmu ce.
Sau ɗaya tak ta sa farce
ta warware naɗi guda har ƙofar kicin.
Kyanwar ta mutu tuntuni.
Hujjar tana nan da ranta.

Ba mu taɓa ɗaga murya ba,
yaƙinmu na sanɗa ne:
in shiga da asuba in juya,
ta shiga bayan kofi ta mayar,
maratayin ya ce ƙyas,
kowa ya ji daga inda yake, kowa ya yi kamar bai ji ba.

Akwai kuma ƙananan laifuffuka.
Ta ce ina barin falle ɗaya manne da kwali
don kada a ce ni na ƙarar.
Wannan gaskiya ne.
Na ce abin da take yaga sau ɗaya
zai yi wa gadonmu zani, har da rigar filo.
Ta ce ni da nake ƙirga falle huɗu-huɗu kamar kuɗin fansho,
in je in buɗe banki.

Mafalda, 'yarmu, ta zo daga Braga da sulhu a jaka:
sanda mai tsayuwa a ƙasa, a zura naɗin ta sama,
babu gaba, babu baya.
Kwana biyu aka zauna lafiya.
A na uku muka gano akwai dama da hagu.
Sandar tana baranda yanzu, tumatir ya hau ta.

A watan Nuwamba aka kwantar da ita, aikin ƙugu,
kwana goma sha biyu a asibiti.
Gida ya zama nawa.
Na rataye yadda nake so,
da safe na tarar da ita yadda na bar ta.
Washegari ma haka.
Ashe cin nasara sanyi gare shi,
irin na tayil a tafin ƙafa.
Dare na biyar, ruwan sama na dukan taga,
na juya harshen ya fuskanci bango.
Na yi ta lalube a duhu, kamar dai yadda na faɗa tun farko,
amma ba wanda zan ce wa, "Kin gani?"

Ranar da ta dawo,
maƙwabciyarmu Dona Olímpia na riƙe da jakarta,
ba ta zauna ba,
ba ta kalli miyar kabejin da na dafa ba,
ta nufi banɗaki da sandar dogarawa, ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Shiru.

"Amílcar!
Wa ya ce maka na mutu?"

Ƙyas.

Ta fito tana haki, gumi a goshi.
"Na mayar da ita yadda kake so, yadda ba daidai ba.
Gobe in na sami ƙarfi zan juya ta da hannuna.
Kada ka ƙara yi mini aikina."

Miyar ta huce, mun sha ta a haka.
Da dare kafin in kwanta
na bar mata falle ɗaya a jikin kwali.