Kafin Inji Ya Tashi

Shida saura kwata, Kakuri.
Ɗari ya kwana cikin motar nan kamar shi ya saye ta.
Sitiyari na cizon tafin hannu.
Na taka birki, ya ƙi.
Na sake takawa, dutse.
Sai ka ce turmi aka kife ƙarƙashin ƙafata.

Da ba 'yar Jatau ba ce ni,
da tuni na je na buga ƙofar Ilu bakanike,
ya fito yana hamma, ya leƙa, ya girgiza kai,
ya ce sai an shiga Fanteka,
ya faɗi kuɗin da zai cinye rabin albashina.

Amma Baba shekara ashirin da biyu ya yi a kamfanin Fijo
yana ɗaura wa motoci ƙafafu.
Ranar da ya fara ɗora ni kan wannan kujera,
a filin ƙwallo, bayan masaƙa,
da matashi biyu a bayana don ƙafata ta kai,
ya ce, "Uwani, birki ba da ƙarfinsa kaɗai yake aiki ba.
Numfashin inji yake ara.
In inji na barci, sai shi ma ya ɗaure fuska.
Kada ki yi masa faɗa.
Aza ƙafa, bar ta a kai, murɗa makulli,
ki saurara da tafin ƙafarki.
In ya sauka sannu, kamar raƙumi zai durƙusa,
lafiyarsa lau.
In ya ƙi, to da magana."

Yau ga shi a gefena
cikin rigar sanyi biyu da hular ulu ta jikansa.
Ni da Sanda muka ɗauko shi, muka naɗe shi cikin kujera.
Ƙafar hagun ce ta ƙi lanƙwasa,
sai da muka tura kujerar baya har ƙarshe.
Tun ƙaramar sallar bara take haka.
Da safe ta fi tauri. Da sanyi ta fi tauri.
Talata da Alhamis muke zuwa gashi.

Ba ya kallon hanya.
Ƙafata yake kallo.

Na murɗa makulli. Batir ya yi tari, ya yi shiru.
Mai ƙosai ta ɗago kai daga kasko.
Na yi bismilla, na sake.
Inji ya yi gyaran murya, ya kama,
motar duka ta ɗauki rawar ɗari,
sai na ji shi, can ƙasa,
dutsen nan yana zama ƙullu,
yana sauka da ni yatsa ɗaya, yatsa biyu.

Baba ya ɗaga hannun da ke jin maganarsa
ya bugi gaban mota sau biyu.
Haka suke yi a kamfani, in ji shi dā,
in mota ta ci jarrabawa.

Mun bi ta kan gada.
Kogi ya janye, duwatsu sun fito shan hantsi,
wani mai kwalekwale na hura hannu.
A tsakiyar cunkoso, ƙafata kan birki,
na miƙa hannu na dafa gwiwarsa.
Ban matsa ba. Ban yi mata faɗa ba.
Na bar hannun a kai, ina saurare.
Makullin ne ban san inda yake ba.

Daf da ƙofar asibiti ya motsa baki.
Na rage gudu, na kai kunne.
Magana yanzu sai ta yi zagaye kafin ta fito.
"Mai," ya ce. Ya huta.
"Man birki.
Yaushe rabonki da ki duba?"